"Ta Ƙi Tashi" ko "Takan Ƙi Tashi": Yadda Ake Gano Ciwon Batir da Altaneta Mai Zuwa Yana Komawa

Gabatarwa

Ni ba da Hausa na buɗe baki ba. Fillanci na tsotsa a wani ƙauye da ke kusa da garin Katagum, Hausa kuwa a kasuwa da makarantar firamare na tsince ta, kafin in zo jami'a in ɗauke ta a matsayin fagen nazari. Saboda haka akwai abubuwan nahawu da abokaina Hausawa suke yi ba tare da sun yi tunani ba, ni kuwa sai da na haddace su. Ɗaya daga cikinsu shi ne lokaci sabau, wato lokacin nan mai tafiya da "kan": yakan zo, takan tafi, sukan dawo. Na ci jarrabawa a kansa, amma ban san nauyinsa ba sai a garejin wani mai gyaran wayar mota a Azare, cikin watan Afrilu na 2024.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana yadda ake gano matsalar cajin mota, irin wadda ke zuwa yau ta ɓace gobe. Wataƙila mai karatu ya ce me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan ɗalibin harshe da batir? Ina roƙo a yi mini haƙuri zuwa ƙarshen labarin. Abin da na gani shi ne, irin wannan ciwo da baki ake fara kama shi, kafin a ɗauko mita ko sifana.

Motar Kawu

Kawuna direban motar haya ne, yana jigila tsakanin Katagum da Azare, tafiyar kimanin kilomita 70. (Ga wanda ba ɗan ƙasar Guddiri ba: Azare ce mazaunin Sarkin Katagum kuma hedikwatar ƙaramar hukumar Katagum, shi kuwa garin Katagum ɗin, wanda Malam Zaki ya kafa, shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Baƙi sukan ruɗe a nan.) Motar tsohuwa ce 'yar Kwatano, ta girme ni. Daga gare ta ake cefanen gidaje biyu, daga gare ta kuma ake biya mini kuɗin makaranta.

Tun kafin azumi ta fara wani hali. Wata safiyar a murɗa makulli ta tashi take, wata safiyar kuma sai a ji ƙas-ƙas-ƙas, sai an tara yaran unguwa sun tura. Kawu ya kai ta wurin wani bakanike. Mutumin ya tayar da injin, ya kwance kan batir ɗaya ya ɗaga shi sama, injin bai mutu ba. Ya ce altaneta lafiyarta lau, batir ne ya mutu. Aka sayi sabo. Duk wanda ya san yadda kayan gyaran mota suka yi tashin gwauron zabo tun daga 2023, bayan cire tallafin mai da faɗuwar darajar Naira, ya san wannan ba ƙaramin kuɗi ba ne. Aka sami lafiya mako biyu, sai abu ya dawo. Aka sake komawa, aka sake cire kan batir, injin ya sake ƙin mutuwa, aka ce ai jabun batir aka sayar masa. Ya ranto kuɗi ya sayi na biyu.

Ina gida hutu, kwana kaɗan bayan ƙaramar Salla, jikin kakata ya rikice da dare, muka ɗauke ta zuwa asibiti a Azare. Mun ci fiye da rabin hanya sai na ga hasken fitilu yana komawa ja. Kawu ya taka totur, hasken bai ƙaru ba. Can sai injin ya fara shaƙewa, ya yi tsit, a tsakiyar daji, tsohuwa tana nishi a kujerar baya. Mun fi awa ɗaya a wurin kafin Allah Ya kawo wata akori-kura ta ɗauke su. Ta sami sauƙi, alhamdu lillahi. Amma a daren Kawu ya rantse sayar da motar zai yi, ni kuwa na san idan aka sayar da ita, karatuna ne aka sayar.

Washegari Kawu yana jinya, sai aka tura ni da yaron motarsa. Muka kai batir wurin masu caji, muka mayar, muka lallaɓa da ita zuwa garejin wani dattijo mai gyaran waya, irin waɗanda direbobi ke kira masu riwaya. Babarbare ne, wato abokin wasana, kuma shi ma kamar ni Hausa ba harshen uwarsa ba ce.

Na gaishe shi na ce, "Baba, motar ce ta ƙi tashi."

Ya miƙa hannu ta taga ya murɗa makulli, mota ta tashi. Ya dube ni ya ce, "To ga ta ta tashi. Ɗan Fillo, ka ce Hausa kake karantawa a jami'a? Ta ƙi tashi, ko takan ƙi tashi?"

Yaransa suka fashe da dariya. Bai buɗe bonet ba sai da ya yi kusan minti goma yana yi mana tambayoyi. Da safe take ƙi, ko bayan an yi tafiya an tsaya? Safiyar da ta ƙi, daren jiya an yi tafiya da fitila? Idan ta kwana biyu a ajiye ba a taɓa ta ba, tana tashi? Yaron mota ya yi tunani ya ce lallai duk ranar da suka yi dare a hanya, washegari sai an tura, amma ranar Salla da kashegarinta da aka ajiye ta, bugu ɗaya ta tashi. Sai tambayar ƙarshe: jar fitilar nan mai hoton batir da ke kan dashbod, tana kamawa idan an murɗa makulli kafin a tayar? Yaron ya ce, "Takan kama, takan ƙi, Oga. Ranar da ba ta kama ba ma mu murna muke yi." Dattijon ya yi murmushi bai ce komai ba.

Randa da mai ga-ruwa

Kafin a fahimci amfanin waɗannan tambayoyi, sai an san aikin kowane ɓangare. Batirin mota ɗakuna shida gare shi, a kowane ɗaki akwai faranta na darma a jiƙe cikin ruwan asid, kowane ɗaki kuma yana ba da wuta bolt 2.1. Idan aka tara sai a sami bolt 12.6, shi ne cikakken batir, duk da cewa 12 ake rubutawa a jikinsa. Wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ne ya ƙirƙiro wannan nau'in batir a 1859, kuma har yau da shi ake tayar da yawancin motoci masu shan fetur da gas. Babban aikinsa na 'yan daƙiƙoƙi ne: ya ba kik wutar da zai juya injin. Da zarar injin ya tashi, aiki ya koma hannun altaneta. Ita ce ke ciyar da fitilu da filogi da famfon mai da rediyo, sannan ta mayar wa batir abin da aka ɗiba. A da dainamo ne ke wannan aiki, sai a 1960 kamfanin Chrysler na Amurka ya fara sa altaneta a motocin da yake ƙerawa don jama'a, sauran kamfanoni suka bi sahu, domin ita ko injin yana tafiya a hankali tana ba da wuta.

Misalin da dattijon ya ba ni ya fi duk wannan zama a kai. Ya ce batir randa ne, altaneta kuwa mai ga-ruwa. Idan ka tashi da safe ka tarar ba ruwa, ko dai randar ce ta tsage, ko mai ga-ruwa ne bai zo jiya ba, ko kuma wani ne ke zuwa da dare yana ɗiba. Akwai kuma ranar da randa cike take, moɗa ce ta ɓata, wato wutar tana nan amma hanyar fitarta ta toshe. Kawu sau biyu yana sayen sabuwar randa, ba wanda ya tsaya ya bincika ko mai ga-ruwa yana fashin zuwa.

Yanzu a duba amsoshin yaron mota. Motar ta kwana biyu a ajiye ta tashi, ke nan randa tana riƙe ruwa, kuma ba ɓarawon dare. Tafiyar dare ce ke kayar da ita, lissafin kuwa a fili yake. Manyan fitilu biyu, kowace wat 55, suna shan kusan amfiya 9. A haɗa da ƙananan fitilu da famfon mai da wutar filogi, za a tasam ma amfiya 20. Batir mai amfiya 60 a awa, idan shi kaɗai aka bar wa wannan kaya, a takarda awa uku zai yi, a zahiri kuwa da ƙyar ya kai biyu. Da rana kayan ba su da nauyi haka, don haka ko altaneta ta yi fashi na rabin awa ta dawo, ba wanda zai lura. Wannan ne kuma ya sa sabon batir yake ɓoye ciwon na ɗan lokaci: yana zuwa a cike, sai an yi kwanaki ana ɗiba fiye da yadda ake zubawa kafin gindinsa ya bayyana.

Abin da mita ke faɗa

Mitar auna wuta ta hannu ba ta da tsada idan aka kwatanta da batir, kuma karanta ta bai fi ƙarfin kowa ba. Ana ɗora jan tsinkenta a kan batir mai alamar tarawa, baƙin kuma a kan mai alamar ɗebewa. Awon farko ana yin sa ne injin a kashe, bayan mota ta huta na wasu awoyi, domin batirin da aka sauke daga caji yanzu yakan nuna fiye da abin da ke cikinsa. Idan an ga 12.6, a cike yake. Idan 12.2 ne, kusan rabi ya rage. Ƙasa da 12 kuwa ya sauka sosai. Wanda ya tsaya a wajen 10.5 ko an yi masa caji, alama ce ɗaki ɗaya daga cikin shidan ya lalace, wannan kam sai sabo.

Awo na biyu shi ne lokacin da ake murɗa makulli. Lambar za ta faɗi, dole ne, amma bai kamata ta yi ƙasa da 9.6 ba. Batirin da ya nuna 12.6 a zaune amma ya rufto zuwa 7 ko 8 da an taɓa kik, ya tsufa, kamar ɗan dambe ne mai ƙirar jiki ba ƙarfi. Na uku kuma injin yana aiki: a nan ana son a ga tsakanin 13.8 da 14.5 ko kusa da haka, kuma ko an kunna fitilu da fanka an ɗan taka totur, kada ya sauka ƙasa da 13.5. Idan ya tsaya a 12 da 'yan kai, altaneta ba ta ba da komai. Idan ya haura 15, ta wuce gona da iri, dafa batir take yi, za a ji wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ruwansa ya riƙa ƙonewa, ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa. (Sababbin motoci masu ƙwaƙwalwa sukan rage caji ko su ƙara da gangan, don haka lambobinsu sukan yi yawo. Ina magana ne a kan irin tsofaffin da suka cika tashoshinmu.)

To, ga inda gizo ke saƙar. Dattijon ya yi duk awon nan uku a gabana, motar Kawu ta ci su duka: 12.5 a zaune, 10.4 wajen tayarwa, 14.1 injin yana aiki. Da a ce a nan aka tsaya, da an sake sallamar mu da cewa komai lafiya. Mita ba ta san lokaci sabau ba. Abin da ke faruwa yanzu kaɗai take faɗa, wato lokaci mai ci. Wanda ke neman ciwo mai zuwa yana komawa dole ya kai mita inda ciwon yakan zo.

Abubuwan da ke zuwa su koma

Ba kowace lalacewa ke da wannan hali ba. Abin da ya ƙone ya ƙone ke nan. Mai zuwa ya koma kusan kullum wani abu ne da ke taɓawa yana saki, gwargwadon zafi ko girgiza ko laima.

Mafi yawa, kuma mafi arha wajen gyara, shi ne kan batir. Farin gari ko kore-koren nan da ke taruwa a kansa yana hana wuta wucewa, haka ma kan da ya yi sako-sako har ake cusa masa ƙusa ko guntun ƙarfe. Irin wannan yakan bar fitilu su kama, domin ba su shan wuta da yawa, amma da an nemi kik sai a ji ƙas sau ɗaya komai ya ɗauke. 'Yar'uwar wannan matsala ita ce kakkaurar wayar da ke haɗa kan batir mai alamar ɗebewa da jikin mota da kuma injin. Mutane suna mantawa da ita, alhali duk wutar da ta fita ta nan take komowa. Ana gwada ta da ɗora tsinken mita ɗaya a kan batir ɗin, ɗaya a jikin injin, a murɗa makulli. Ya kamata a ga kusan sifiri. Idan ya kai rabin bolt, tsatsa ko sako-sako na cin wuta a hanya. Haka ake yi wa wayar da ta taso daga bayan altaneta zuwa batir, injin yana aiki fitilu a kunne.

Sai fanbel, wanda ke juya altaneta. Idan ya saki ko ya yi sulɓi, yakan riƙe da rana ya zame da dare, domin gwargwadon wutar da ake nema gwargwadon nauyin da altaneta ke yi wajen juyawa. Da damina kuma ruwan kududdufi ya fantsama masa ya ƙara zamewa. Shi dai ba ya ɓoye kansa sosai, yakan yi ƙara ƙiii idan an tayar da mota ko an kunna fitilu.

Ɓarawon dare shi ma yakan zo ya koma. Rediyon da aka ja wa waya kai tsaye daga batir, fitilar but da ba ta mutuwa idan murfin bai rufu daidai ba, cajar waya da aka bari a soke. Ana kama shi da juya mita zuwa awon amfiya, a cire kan batir mai alamar ɗebewa, mota a kashe, a sa mitar a tsakani. Abin da ya wuce kimanin amfiya 0.05 abin tuhuma ne. Sai a riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Idan an zare duka ba ta faɗi ba, a waiwayi altaneta kanta: a cikinta akwai wasu ƙananan abubuwa da ake kira dayod, aikinsu su bar wuta ta fita kada ta komo, kamar ƙofa mai buɗewa gefe guda. Idan ɗaya ya lalace, mai ga-ruwan da ya zuba da rana shi ne ke dawowa ya kwashe da dare.

Shi kansa batir ba a wanke shi gaba ɗaya ba. Zafin bazara a Azare yakan haura digiri 40, ƙarƙashin bonet kuwa ya fi haka nesa, zafi kuma yana ƙone ruwan batir yana cin farantansa. Wanda ake iya buɗewa, idan ruwansa ya ja baya, tataccen ruwa ake ƙara masa. Ruwa ne ke tashi ya bar asid, don haka ƙara asid ɓarna ce, ruwan rijiya ma haka.

Yadda aka kama shi

Dattijon ya ɗaura wa mitar dogayen wayoyi, ya maƙala su a kan batir, ya zuro ta cikin mota ya ɗora mini a cinya. Ya ce, "Bawana, kai ne ɗan boko, karanta mini duk abin da ka gani." Ya kunna manyan fitilu da rana tsaka, muka fita bayan gari, ya zaɓi hanya mai gargada. Minti goma sha biyar ina cewa 14.1, 14.0, 14.1, har na fara jin kunya. Da injin ya yi zafi sosai muka faɗa wani rami, sai na ga 12.3. Na ɗauka idona ne. 12.2. 12.1. Jar fitilar dashbod kuwa ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

Ya tsaya a gefen hanya, ya kashe injin, ya murɗa makulli rabi. Fitilar mai ta kama, ta batir ba ta kama ba. Ya buɗe bonet ya ɗan ƙwanƙwasa bayan altaneta da ƙotar guduma, sai ga jar fitila ta kama. Ya tayar, mita ta koma 14.

Bayanin shi ne: a tsakiyar altaneta akwai wani dunƙule mai juyawa da aka naɗe da waya, wanda sai an ba shi 'yar wuta kafin ya zama maganaɗisu, sai ya zama maganaɗisu kuma altaneta ke haifar da wuta. Tunda juyawa yake yi, ba dama a ɗaura masa waya. Sai aka yi masa zobba biyu, aka sa wasu 'yan sanduna biyu na gawayi, waɗanda ake kira buroshi, sifirin yana danna su a kan zobban. Shekara da shekaru suna goguwa suna gajercewa, har su kai inda sifirin ba ya iya danna su sosai. A wannan matakin sukan taɓa su kuma saki. A irin waɗannan tsofaffin motoci, wutar jar fitilar dashbod ta cikin buroshin nan take bi. Ke nan idan buroshi ya saki, caji ya tsaya, fitilar da ya kamata ta kai ƙara ita ma an toshe mata baki. Ranakun da su Kawu ke murnar fitila ba ta kama ba, su ne ranakun da suka fita ba caji. Dattijon tun daga amsar yaron mota ya gane, fita da muka yi don ya nuna mini ne, ko kuma don ya tabbatar wa kansa.

Da muka koma gareji, noti biyu kawai aka kwance aka zaro ragileta, wato abin da ke daidaita yawan cajin, wadda a wannan nau'in a haɗe take da buroshin. Sabo yakan wuce milimita 10, idan ya gaza 5 ya gama aiki. Na Kawu ɗaya bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Aka goge zobban da samfefa mai laushi, aka sa sabuwa. Kuɗin duka bai kai kashi ɗaya cikin biyar na batir guda ba.

Na tambaye shi batun cire kan batir injin yana aiki, tunda kowa haka yake yi. Ya ce shi ma haka aka koya masa, a zamanin da mota ba ta da abin da zai ƙone. Batir yana shanye duk wani tsalle da wuta za ta yi, idan aka cire shi altaneta tana tsakiyar aiki, wutar takan yi tsalle ta ninka 12 sau da yawa cikin ƙiftawar ido, ta ƙone dayod ko ragileta ko ƙwaƙwalwar mota. Ni kuma abin da na ƙara gani shi ne, ko da ba ta ƙone komai ba, amsar da wannan gwaji ke bayarwa ita ce "tana caji", alhali tambayar Kawu ita ce ko "takan daina". Haka nan ɗabi'ar gwada batir da karta waya a kansa don a ga tartsatsi: batirin da ke caji yana fitar da iska mai kamawa da wuta, ana samun wanda ke fashewa ya watsa wa mutum asid a fuska.

Hausar gareji

Na zauna a garejin har la'asar da littafina, domin ɗan nazarin harshe ba ya ganin irin wannan taska ya wuce. Kalmomin aro sun bi ƙa'idar da muka karanta a darasin tsarin sauti: gaɓar Hausa ba ta farawa da baƙaƙe biyu a jere, don haka aka cusa wasali aka sami buroshi da filogi da sifirin. Jinsi ma ya bi ƙarshen kalma, altaneta da ragileta mata ne saboda sun ƙare da "a", batir da fanbel maza. Na ji wani yaro yana cewa altaneto, shi kuma "ya" yake ba shi, kamar dai yadda ake samun janareta da janareto. Ma'aunin wutar kuwa daga sunan Volta ne, Ba'italiyen da ya haɗa batir na farko a 1800, amma da yake Hausa ba ta da sautin farkon sunansa, sai ya koma bolt, ya yi karo da bolt ɗin da ake ɗaurewa da noti. Ba wanda na ga ya ruɗe, muhallin magana yana raba su.

Amsa-kama ta fi ba ni sha'awa, domin a nan ba ado ba ce, awo ce. Idan direba ya ce ƙas-ƙas-ƙas a jere, wuta ce ta yi kaɗan. Ƙas guda ɗaya, a duba kan batir ko kik. Idan ya ce tsit, ko fitilar dashbod babu, a nemi waya ko fis ko makulli. Idan ya ce injin yana juyawa da ƙarfinsa amma bai kama ba, to a ƙyale batir, a koma wajen mai da filogi.

Sai kalmar "mutu", wadda ita ce ta ci kuɗin Kawu. A bakin yawancinmu, batirin da wutarsa ta ƙare ya mutu, wanda ya lalace har abada shi ma ya mutu. Dattijon ba ya yarda a haɗa su. Wanda caji zai farfaɗo da shi, cewa yake ya sauka, ko ya suma. Wanda ba ya riƙe wuta ko an cika shi, shi ne ya mutu. Ya ce batirin Kawu na farko mai yiwuwa suma kawai ya yi aka binne shi. Sai dai ya gargaɗe mu cewa batirin mota ba ya son yawan suma, duk lokacin da ya sauka ƙasa ya daɗe a haka, wani farin gishiri yana daskarewa a farantansa ya rage masa ciki. Na biyun da aka ranto kuɗi aka saya ya riga ya sha wannan wahala sau da dama, don haka kada mu sa ran zai yi tsawon rai irin na sa'o'insa.

Kafin mu tafi ya sa na sayi 'yar ƙaramar mita da ake sokawa a ramin cajar waya, mai nuna lamba muddin mota tana tafiya. Na kai wa Kawu a asibiti na yi masa bayani da Fillanci, na ce idan ya ga 14 ya ci gaba da tafiya, idan ya ga 12 injin yana aiki ya kashe duk abin da zai iya kashewa ya nemi gari mafi kusa. Na ƙara da cewa kowace safiya, kafin ya tayar, ya tsaya ya ga jar fitilar ta kama tukuna. Batirin ya kai mu ƙarshen damina ta 2025 kafin ya mutu, mutuwa ta gaskiya wannan karon, domin dattijon ya auna shi ya sami 10.5.